Kuɗin da Gari Ya Tara Maka

Ƙannena maza da mata, da yawa daga cikinku kuna zaune a aji yau ne ba don mahaifinku yana da halin biya ba. Wani ƙungiyar ci gaban garinsu ce ta biya masa kuɗin rajista. Wata kwamitin masallacin unguwa ne ya saya mata fom ɗin JAMB. Wani tsofaffin ɗaliban makarantarsu ne suka haɗa masa kuɗin NECO, wani kuwa matan gidansu ne suka bar masa kwasar adashi ya tafi koyon gyaran injin ban-ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota ya tashi, kwanon abinci ya tashi, irin wannan taimako na jama'a shi ne ya hana yara masu yawa tattara littattafansu su koma gida.

Da ku nake son magana, ku da aka ɗauki nauyinku, da ku masu nema, har da ku da kuke ganin abin bai shafe ku ba saboda Allah Ya rufa wa iyayenku asiri. Kuɗin da gari ya tara ya ba ɗalibi iri ne, ba na ci ba ne. Manomi duk yadda yunwar bazara ta matsa masa ba ya surfa irin da ya ajiye wa damina, don ya san in ya ci shi bana, baɗi ba shi da abin zubawa a rami. Wanda aka karantar da kuɗin jama'a, ya gama, ya kama gabansa bai waiwayo ba, ba kuɗin jiya kaɗai ya ci ba, ya ci har da rabon yaron da ke aji shida na firamare yanzu.

Kada wani ya ce muku wannan abu daga Turawa muka koya. Tun kafin a san alli da baƙin allo a ƙasar nan, gari ne ke karantar da ɗalibi. Malam ya sauka da almajiransa a gefen gari, mai unguwa ya ba shi masauki da gona, kowane gida kuma ya san almajirinsa. Da almuru yaro ya kawo ƙoƙonsa, uwar gida ta zuba masa tuwo daga tukunyar da 'ya'yanta za su ci. In ya yi zazzaɓi ita ce mai jiƙa masa magani, in rigarsa ta yage ita ce mai neman tsohuwar rigar ɗanta ta ba shi. Ran Laraba a kai wa malam ɗan abin da ya samu. Ranar da yaro ya sauke, unguwa duka ke murna, domin kowa yana da hannu a saukar. Abin da muke gani yau a bakin tasha da shataletale, yara ba takalmi suna bin motoci da roba a hannu, abin da ya rage ke nan daga wancan tsari bayan gari ya janye hannunsa.

Makwabtanmu na Kanem sun kai abin har ƙetare. Malamin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya kawo cewa a wajen shekarun 1240 mahajjatan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar fiƙihun Malikiyya a Alƙahira, suka kuma ci gaba da aika mata kuɗi daga gida. Ku duba nisan tafkin Chadi zuwa Masar a kan raƙumi, ku ga irin darajar da karatun 'ya'yansu ke da ita a wurin mutanen nan.

Da boko ta zo ma, talaka ne ya biya. Makarantun elementare da na midil na En'e ne, daga baitulmali ake biyan malamai, a ciyar da yara, a ɗinka musu tufafi, baitulmali kuwa da haraji da jangali take cika. Gaskiya ne ba da son ransa manomi ya bayar ba, dogari ne ke tsaye a kansa, sau da yawa ma ɗansa bai taɓa leƙa ajin ba. Amma da kuɗin nan aka karantar da waɗanda suka je Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Sakkwato yana koyarwa a midil. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Bauci ya kama alli. Malam Aminu Kano shi ma a midil ta Bauci ya fara koyarwa. Kafin a san su a majalisa, sai da suka tsaya a gaban 'ya'yan mutanen da harajinsu ya karantar da su.

Akwai wani labari daga kudancin ƙasar nan da nake so kowane saurayi mai son garinsu ya sani. Ƙabilar Ibibiyo, waɗanda yau suke Jihar Akwa Ibom, sun kafa ƙungiyarsu a 1928. Manoma ne da masu cinikin manja da ƙananan ma'aikata, ba attajirai ba. Suka aza wa kansu karo-karo, suka yi ta tarawa, a 1938 suka tura samari shida ƙasashen waje a lokaci guda. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba karatun. Ba su ce kowa ya je ya karanto abin da ya ga dama ba. Sun duba abin da ƙasarsu ta rasa, suka ce muna son likita, muna son lauya, muna son masanin noma, muna son malaman makaranta. Wanda aka tura karatun lauya, Udo Udoma, ya yi karatu a Dublin, ya dawo ya yi aikin lauya, daga baya ya zama babban jojin ƙasar Yuganda daga 1963 zuwa 1969, ya zauna a Kotun Ƙolin Nijeriya, kuma shi ya shugabanci majalisar da ta tattauna kundin tsarin mulkin 1979. Wani daga cikinsu, Ibanga Udo Akpabio, wanda ya karanto aikin koyarwa a Amurka, shi ya dawo ya riƙe kwalejin da ƙungiyar ta buɗe a Ikot Ekpene a 1946. Wato cikin shekara takwas kuɗin da aka kashe a kan mutum ɗaya ya dawo ya zama makaranta mai ɗaukar yara aji-aji. Mutum shida kacal suka tura, amma sun san abin da suke nema da kowane ɗaya, shi ma wanda aka tura ya san abin da ake jira daga gare shi.

Mu ma a Arewa ba a bar mu a baya ba. An yi Gidauniyar Jihar Kano a shekarun 1980, akwai Gidauniyar Jihar Katsina. A Zariya ƙungiyar ZEDA tun farkon shekarun 1990 take tara kuɗi daga 'yan ƙasar Zazzau tana tallafa wa ɗalibai. Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda ta fara aiki a 2005, gidauniyar jama'a ce ta kafa ta, ba gwamnati ba. Sai dai mafi yawan aikin ba a waɗannan manyan sunaye yake ba. Yana cikin ƙananan ƙungiyoyin ƙauyuka da unguwanni waɗanda jarida ba ta taɓa buga sunansu ba.

Ku je taron irin wannan ƙungiya ko sau ɗaya ne, ku zauna daga baya ku kalla. Yawanci washegarin Sallah ake yi, lokacin da 'yan garin da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas suka dawo gida. A harabar firamare ne, an fito da bencina ƙarƙashin darbejiya, an rataye lasifika a taga, ma'aji ya buɗe babban littafi a kan teburin hedimasta. Alhaji wane ya ba da dubu ɗari biyu, a yi kabbara. Wani babba ya aiko wakili da alkawari, a yi tafi. In an gama da waɗannan sai a zo kan mutanen da lasifika ba ta kiran sunansu: mai faci, ɗan acaɓa, mahauci, malamin firamaren da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Za ka ga tsohuwa mai sayar da daddawa ta matso wurin teburin, ta kama bakin zaninta, ta warware ƙulli da haƙori, ta fito da ɗari biyar a nannaɗe, duk ta yi laushi, ta ce a sa a na yaran makaranta. Ba ta da ɗa ko jika cikin waɗanda za a biya wa. Ita kanta ba ta taɓa zama a aji ba. Addu'ar da irinta kan yi ba ta wuce Allah Ya sa su dawo su dube mu. Wannan ɗari biyar ɗin tana cikin kuɗin da aka tura maka, ƙanena. Ranar da barci ya fi maka laccar ƙarfe takwas daɗi, ka tuna ribar kwana nawa ce a wurinta.

Haƙƙin masu kuɗin nan yana farawa ne tun ranar cike fom. In ka san mahaifinka zai iya biya, kada ka nema. Na san abin da zuciya ke raya wa mutum: ai kuɗin jama'a ne, ai ni ma ɗan gari ne, ai wane ma ya karɓa. To guraben ƙidayayyu ne. Duk gurbin da ɗan mai hali ya shiga, akwai maraya ko ɗan bazawara da aka ce masa ya haƙura sai baɗi, baɗin nan kuwa ga yaro mai shekara goma sha takwas yakan zama tafiya cirani Legas, ga yarinya yakan zama ƙarshen zancen karatu gaba ɗaya. Haka nan kada ka ƙara ko sisi a kan abin da makaranta ta nema. In kuɗin rajista dubu tamanin ne, ka ce dubu tamanin. In kana bukatar na mota da na abinci, ka faɗe su da sunansu. Dattawan nan sun fi ka sanin wahala, ba za su raina ka don ka ce ba ka da kuɗin mota ba, amma ranar da suka gano ka yi musu ƙari, ba kai kaɗai za su daina yarda da kai ba, har da duk yaron da zai zo bayanka da takarda a hannu.

In an biya, ka kawo rasit ba tare da an nema ba. In zango ya ƙare, ka kawo sakamako ba tare da an aiko ba. Yaba kyauta tukuici, tukuicin da mutanen nan ke so kuwa bai wuce takardar da ke nuna ka je, ka zauna, ka yi karatu ba. In ka zo hutu ka taka har gida ka gaida shugaban ƙungiya da ma'aji, ka tsuguna ka ce, Baba, ga abin da aka samu bana. In kuma jarrabawar ba ta yi kyau ba, nan ne aka fi bukatar ka zo da kanka. Yara da yawa kunya ce ke halaka su: a faɗi kwas biyu, a yi shiru, a karɓi kuɗin shekara mai zuwa, a ƙara faɗuwa, har makaranta ta sallami mutum shekara guda gari bai sani ba, yana zaune a ɗakin abokinsa a birni yana jin tsoron dawowa. Da ya faɗa tun farko, cikin 'yan ƙungiyar ba za a rasa malamin da zai zaunar da shi ya gano inda matsalar take ba, ko Turanci ne, ko lissafi ne, ko yunwa ce, ko abokai ne. Faɗuwa jarrabawa ba cin amana ba ne. Ɓoye ta ga wanda ke biya shi ne cin amana. Haka in ka ga kwas ɗin da aka tura ka ba za ka iya ba, ko zuciyarka na wani wuri, ka zo a zauna a yi magana kafin ka canza.

Akwai kalmomin da ake faɗa a zaure game da waɗanda aka karantar, ya kamata ku san su. Akwai wanda in an ambace shi sai a ce, “Ɗanmu ne, mu muka karantar da shi, kuma bai ba mu kunya ba.” Akwai wanda ake cewa, “Tun da ya samu aiki ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa.” Wannan magana ta biyu ba a kan mai ita kaɗai take tsayawa ba. Ita ce hujjar da mai rowa ke kafawa in an zo karo-karo: wane da muka biya wa, me ya tsinana mana? Mutum ɗaya da ya juya wa gari baya yana iya rufe aljihun mutum ashirin.

Amma dole in faɗi ɗaya gefen, domin shi ma yana kashe mutane. Gari ya karantar da kai, bai saye ka ba. Chinua Achebe ya gina littafinsa No Longer at Ease na 1960 a kan wannan matsala. Ƙungiyar 'yan garin Umuofia ta tara fam 800 ta tura Obi Okonkwo Ingila ya karanto lauya don ya riƙa tsaya musu a shari'ar filaye, shi kuwa ya karanto Turanci. Ya dawo ya samu aikin gwamnati a ofishin ba da tallafin karatu, ga bashin ƙungiya, ga hidimar gida, ga rayuwar da kowa ke jiran ya gani a wurin mai digiri, har ya fara karɓar cin hanci, aka kama shi. Labari ne ƙagagge, amma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya ga irinsa da idonsa. Ranar da ka hau kujera za a zo maka da takardun yaron da bai cancanta ba a ce ka sa shi, ai ɗan gari ne. Za a zo da kwangilar da ba za a yi ba a ce ka sa hannu, ai mu muka yi ka. Kada ka biya alherin halal da haram. Tsohuwa mai daddawa ba ta kwance bakin zaninta don ka zama ɓarawo da sunan garinsu ba. Abin da gari ke bin ka shi ne iliminka, da lokacinka, da wani abu daga halal ɗin albashinka, da sunan kirki wanda in an ji shi za a ce daga garin kaza yake. In ka ƙi yin son kai za a yi fushi da kai wata biyu, in ka yi aka kama ka garin ne zai daɗe yana sunkuyar da kai.

Don haka ne ma nake fifita kuɗin jama'a a kan na mutum ɗaya mai neman kujera. Ban ce a ƙi karɓa ba, mai bukata ba ya zaɓe, kuma cikin 'yan siyasa akwai masu yi don Allah. Sai dai tallafin da ke zuwa shekarar zaɓe yakan tafi da zaɓen, ya bar yaro a aji biyu. Wanda mutum ɗari suka haɗa, ba mai iya tare ka a hanya ya ce kai yarona ne. Shugaban da jama'a suka karantar yana iya kallon kowa ido cikin ido.

Ku 'yan mata, kada ku zauna jiran a tuna da ku. A taruka da yawa in an karanto sunayen waɗanda za a biya wa, sai ka ji maza goma mace ɗaya, wani lokaci ko ɗayar babu, in an tambaya a ce ba su nema ba. Ku nema. Ki sa mahaifiyarki ko gwaggonki ta raka ki wurin ma'aji, ki kai sakamakonki da hannunki. Kowa a ƙauye ya san abin da ake ciki in naƙuda ta zo da gardama cikin dare, asibitin sha-ka-tafi a kulle, ko kuwa namiji ne kaɗai ma'aikacin da ke ciki, maigida kuma ya ce ba za a kai ta ba. Maganin wannan ba ya wuce 'yar garin da ta karanci aikin ungozoma ta dawo ta zauna. An gwada, an kuma ga amfaninsa. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya riƙa barin gari ya zaɓo 'yarsa, a yi mata karatun share fage, ta shiga makarantar nas ko ta ungozoma bisa alkawarin za ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Har matan aure aka ɗauka, aka yi wuraren renon yara a makarantun don masu goyo. Kuɗin wancan shiri daga Ingila ya zo, shirin kuma ya ƙare a 2020. Abin da ya nuna shi ne in gari ya tsaya wa 'yarsa, mijinta da mahaifinta sukan yarda. Ku samari, in an zo zancen a taro kada ku yi shiru. Ƙanwarka ce za ta karanta, matarka ce za ta haihu a hannunta.

Kuma kada ƙungiya ta ɗauka karatu sai jami'a. Garin da ke da masu digiri talatin amma in famfon sola ya lalace sai an ɗauko mai gyara daga birni, bai gama lissafinsa ba. Yaron da aka kai koyon walda, ko kanikanci, ko haɗa sola, ko gyaran waya, da yarinyar da aka kai koyon ɗinki, su ma ɗalibai ne. Sau da yawa abin da ke tsayar da su ba kuɗin koyo ba ne, kayan aiki ne ranar yaye. Ya ƙware, ubangidansa ya sallame shi, amma ba injin, ba shago, sai ya koma acaɓa. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Kurmi sun daɗe da sanin wannan: yaron shago in ya yi shekaru yana riƙon amana, ubangida yakan yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ake kashewa a shekara ɗaya ta jami'a yana iya sayen keken ɗinki ko akwatin kayan aiki, wanda aka saya wa kuwa cikin 'yan watanni zai fara zuba nasa karo-karon.

Yanzu ga abin da ya sa nake son ku shiga cikin ƙungiyoyin nan da kanku, ba ku tsaya a matsayin masu karɓa ba. Gidauniya ba kasafai rashin kuɗi ke kashe ta ba. Rashin lissafi ne. A yi gagarumin taron ƙaddamarwa, a kashe rabin abin da aka samu a rumfa da abinci da kalanda. Manya su yi alkawari a lasifika, ba mai iya zuwa ya tuna musu. Kuɗi su zauna a aljihun mutum ɗaya, mutumin kirki ne, amma bukata ta taso ya ranta da niyyar mayarwa. A zo zaɓen yara, sai a ga ɗan shugaba da ɗan ƙanen ma'aji a sahun gaba. Ba wanda zai yi magana don ana jin nauyin juna, sai dai baɗi kowa ya riƙe kuɗinsa. Dattawanmu suna da niyya da mutunci, abin da suka fi bukata shi ne hannun da zai riƙe littafi, wannan kuwa ku kuka iya. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗi ba sa fita sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. A biya makaranta kai tsaye a karɓo rasit. A rubuta ƙa'idar zaɓe tun kafin a ga sunan kowa, a sa malamin makaranta da liman da mace ko biyu cikin masu tantancewa, wanda ɗansa ke nema ya fita waje a yanke. A liƙa sunayen waɗanda aka biya wa da abin da aka kashe a ƙofar gidan mai unguwa, a karanta a taron Sallah. Gani ya kori ji. Sai dai ku shigo da ladabi. In ka tashi a gaban mutane ka ce ina kuɗinmu, ka rufe ƙofar da kake son buɗewa. In ka je gida ka ce, Baba, ko in riƙa taya ku rubutu, da kansa zai miƙo maka littafin.

In Allah Ya sa kuɗi sun ɗan taru, ku ba da shawarar wakafi: shago biyu a bakin kasuwa, ko gona, ko gidan haya, wanda abin da ya fito daga cikinsa na karatu ne har abada, ba a sayarwa, ba a gado. Da irin wannan jami'ar Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru. Sannan ku taimaka a san inda ya fi dacewa a sa kuɗin. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ya ba da naira 20,000 a wata, ba ruwa a kai, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Yara da yawa a karkara ba su nema ba saboda ba su da wanda zai zauna da su a gaban kwamfuta. Wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. In NELFUND ya ɗauke kuɗin rajista, kuɗin gari sai su tafi inda lamunin ba ya kaiwa: jarrabawar gama sakandare, fom ɗin JAMB, kuɗin motar zuwa tantancewa, kayan aikin mai koyon sana'a. A waɗannan ƙananan matakai ne aka fi zubar da yara masu ƙwaƙwalwa.

Kada kuma ka ce sai na yi kuɗi. Masu cewa haka har su tsufa ba su fara ba, domin albashi yana ƙaruwa ne tare da hidima. Samari 50 in kowa ya ajiye naira 1,000 a wata, a shekara an tara naira 600,000. Dubu ɗaya ba ta kai abin da yawancinku ke sa wa waya data a mako ba. Mai hidimar ƙasa da ke karɓar naira 77,000 a wata ba zai ce dubu biyu ta gagare shi ba. Wanda ba shi da ko sisi yana da hutu: ya tara 'yan aji uku na babbar sakandare a zauren gidansu da yamma ya yi musu bitar lissafi da Turanci kafin jarrabawa. Yaro ɗaya da ya samu kiredit a lissafi ta dalilinka ya rage wa ƙungiya kuɗin sake zama.

Kai da gari ya biya wa, ko bara ne ko shekara goma da suka wuce, ko ka gama ko kana ciki, kada Sallah mai zuwa ta wuce ba ka je ka gaida ma'aji ba. Ka tambaye shi yara nawa ne suka nema bana aka ce su haƙura, ka karɓi sunan ɗaya daga cikinsu, ka ce a rubuta sunanka a shafin masu bayarwa.